Akun da Ya Riƙa Faɗowa Daga Kan Sandarsa

## Asalinsa da gidan da ya tashi

Ni likitan dabbobi ne, kuma yawancin aikina da shanu ne da awaki da kajin gona. A shekara ba na ganin aku fiye da biyu ko uku, su ma sai sun galabaita ake kawo su. Wannan kuwa wata 6 na yi ina bibiyarsa, kuma tun ranar farko nake rubuta nauyinsa da abin da ya ci a littafin aiki, shi ya sa zan iya jero lamarin daki-daki.

Irin akun nan ne mai launin toka da jar wutsiya, wanda masana ke kira Psittacus erithacus. Ba tsuntsun Arewa ba ne, ɗan kurmi ne: daga kudancin Gana da kudancin Nijeriya zuwa Kamaru da Gabon da Kwango, har yammacin Kenya. A can cikin garke yake rayuwa. Da asuba garken ke tashi neman abinci, su ci 'ya'yan itace iri-iri da ƙwayoyi da furanni, da kwakwar manja wadda suke matuƙar so. A dajin Lobeke na Kamaru har ƙasa suke saukowa a filayen tsakiyar kurmi su ci laka da ciyawar fadama. Kwana kuma a ƙololuwar dogayen bishiyoyi suke yi, inda rana ke fara sauka.

Wani Alhaji mai fataucin goro da manja tsakanin Kudu da Arewa ne ya zo da shi gida, shekara 15 kafin wannan ciwo. A lokacin ƙarami ne, idonsa bai ma juye daga baƙi zuwa ruwan ɗorawa ba. Gidan irin na da ne, mai faffaɗan tsakar gida da darbejiya a tsakiya. Kullum in Alhaji ya dawo daga masallacin asuba sai ya fito da kejin ya rataye a reshe, hantsi ya same shi har wajen ƙarfe 10, sannan inuwa ta rufe. Gyaɗa da masara ne ke cikin kwanonsa, amma duk abin da Alhaji ya kai baki sai ya gutsura masa: gwanda, mangwaro in lokacinsa ya yi, dafaffen ƙwai, wake, dankali. Direbobin da ke dawowa daga Kudu kuma sun san kwakwar manja ita ce tsarabar aku. Babu wanda ya zauna ya tsara masa wannan abinci, haka kawai zaman gidan ya kasance.

Ya iya sallama. Ya iya tarin Alhaji. Ya iya kiran "Hajiya!" da muryar mai gidan, har baƙo ya waiwaya.

## Bayan rasuwar Alhaji

Alhaji ya rasu a ƙarshen Agusta, Allah ya jiƙansa. Da Hajiya ta shiga takaba sai ta sa aka shigo da kejin ɗakinta. Daga baya ta gaya mini cewa cikin waɗannan wata huɗu da kwana goma, in ɗaki ya yi tsit tsuntsun ya yi wannan tari, sai ta ji kamar mai gidan yana zaure.

A Janairu babban ɗanta ya ɗauke ta zuwa gidansa, bene ne hawa na biyu, mai tagogin gilashi da labule mai kauri da na'urar sanyaya ɗaki. Aka ajiye kejin a kusurwar falo, kamar taku huɗu daga taga. Akwai baranda, amma ba a fitar da shi, saboda tsoron shirwa da kyanwar maƙwabta, da kuma masu dogon hannu, tunda kowa ya san aku kuɗi ne.

Abinci ma ya canja ba tare da an ankara ba. In an miƙa masa gwanda sai ya yar, in an miƙa gyaɗa sai ya karɓa da rawar jiki. Hajiya ba ta son ganin kwanonsa fayau, don haka aka sayo gyaɗa mai ɓawo aka ajiye a buhu. Cimarsa ta koma gyaɗa da busasshiyar masara da ɗan rake. Da safe ta tsoma masa burodi a shayinta, da la'asar ta gutsura masa goro.

Daga ranar da aka shigar da shi ɗaki zuwa ranar da ya fara faɗuwa, kusan wata 15 ke nan rana ba ta taɓa jikinsa ba.

## Nuwamba: abin da aka gwada a gida

Tun cikin Oktoba ya rage surutu. Aku da ƙafa yake riƙe abinci ya kai baki, to sai aka ga gyaɗa tana suɓuce masa. Ya kuma fara tsigar gashin ƙirjinsa.

Ranar 14 ga Nuwamba da dare aka kawo wuta, fitilun falo suka haskaka kwatsam, sai ya faɗo daga kan sanda. Fukafukai a buɗe, ƙafafu a sanƙare, yana shure-shure a ƙasan keji kamar na minti ɗaya. Daga nan ya yi lamo, can ya miƙe ya hau sandarsa da ƙyar.

Hajiya ta yi masa tofi, aka kuma turara falon da habbatussauda. Da ya sake faɗuwa ranar 22, ɗanta ya je shagon maganin kaji ya ba da bayani. Mai shagon bai ga tsuntsun ba. Ya ce ai lokacin cutar kaji mai murɗe wuya ne, hunturu ya shigo, ya ba shi garin oksitetrasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a riƙa zubawa a ruwan sha kwana 7. An yi hakan. Ranar 29, kwalbar maganin ba ta ma bushe ba, ya sake faɗuwa.

Wata maƙwabciya ta ce sanyi ne, tsuntsun Kudu ba ya jure hunturu. Aka riƙa lulluɓe kejin da bargo, aka ajiye kaskon gawayi kusa da shi da daddare. Jikar Hajiya, 'yar makarantar sakandare, ta bincika a intanet ta ga ana maganar ƙarancin kalsiyam, sai ta dama masa madarar gari. Kwana biyu yana zawo, domin cikin tsuntsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara. Yarinyar ce kaɗai ta hango bakin zaren, abin da ta ba shi ne bai dace ba.

Daga 14 ga Nuwamba zuwa 8 ga Disamba ya faɗi sau 7, biyu daga ciki a rana ɗaya.

## 9 ga Disamba: ranar da aka kawo shi

A kwali aka kawo shi, an shimfiɗa masa zani. Na ɗora shi a sikeli, giram 392. Babban aku irinsa yakan kama daga giram 400 zuwa sama da 500, kuma da na shafa ƙirjinsa na ji ƙashin ya ɗan fito. Riƙonsa a yatsana ba ƙarfi, jikinsa yana makyarkyata a hankali. Ƙofar hancinsa ta dama ta toshe da busasshen datti, ƙananan tsinin da ke ganɗar bakinsa sun dakushe, wanda alama ce ta ƙarancin bitamin A. Ƙirjin ya yi sanƙo kamar faɗin tafin hannun yaro.

Abubuwa uku na fara kawarwa. Guba ta dalma ko tutiya tana sa aku farfaɗiya, amma kejin na baƙin ƙarfe ne marar fenti, kuma shi ne dai wanda yake ciki shekara 15. Maganin sauro na fesawa ma yana iya sa haka, sai suka ce ba sa fesawa a falo. Cutar kaji mai murɗe wuya kuwa ba ta barin tsuntsu ya faɗi ya tashi garau har kwana 25, ga shi babu kaza ko ɗaya a benen.

Na tambayi abin da yake ci, aka gaya mini. Na ɗebi jini rabin mililita daga jijiyar wuyansa ta dama na aika ɗakin gwaji. Muna cikin jira ya sake faɗuwa a kan teburina. Ban jira sakamako ba, na yi masa allurar kalsiyam gulukonet daidai nauyinsa, a sirke. Kafin rabin sa'a ya miƙe yana gyara gashinsa. Wannan allura ba ta gida ba ce, in ta yi yawa ko aka tura ta da sauri tana tsayar da zuciya.

Da yamma sakamako ya zo: kalsiyam miligiram 5.6 a kowace desilita ta jini. Na lafiyayyen aku yakan kasance tsakanin 8 da 13.

Na zaunar da ɗan Hajiya na yi masa bayani. Mutane da ƙashi suke danganta kalsiyam, amma jijiya da tsoka ma da shi suke aiki, in ya yi ƙasa a jini sai su riƙa harbawa ba tsari, ƙaramar firgita ta isa ta kayar da tsuntsu. A giram 100 na gyaɗa, kalsiyam bai wuce miligiram 90 da 'yan kai ba, fosfaras kuwa ya kusa 380, wato ya ninka shi sau huɗu, alhali jikin tsuntsu yana son kalsiyam ne ya rinjayi fosfaras. Masara ta fi muni, kalsiyam ɗinta bai kai miligiram 10 ba. Kusan rabin nauyin gyaɗa kuma mai ne, shi ya sa aku ke ƙoshi da ita ya ƙi komai. An daɗe da lura cewa wannan aku mai launin toka ya fi sauran danginsa saurin kamuwa da wannan matsala.

Na ce a daina madara da shayi da goro, domin sinadarin da ke hana mutum barci a cikin goro da shayi yana iya kashe tsuntsu. A ɗauke kasko, a daina turare kusa da shi. Kada a ba shi fiya ko cakulan ko albasa ko abinci mai gishiri. Na ba su ruwan kalsiyam na sha. Wanda na samu babu bitamin D a cikinsa, kuma ban yarda in auna masa daga garin bitamin na kaji ba, don yawansa yana lalata ƙoda. Na ce a cire gyaɗa gaba ɗaya a sa kayan lambu. Suna bakin ƙofa na ƙara da cewa a riƙa bari yana shan hantsi.

## 10 zuwa 16 ga Disamba: ya ƙi ci

An cika masa kwano da karas da gwanda da dafaffen wake. Ko kallonsu bai yi ba. Ranar 13 nauyinsa 371, ranar 15 kuma 358. Ya zubar da giram 34 cikin kwana 6, kusan kashi 9 cikin 100 na jikinsa. Kashinsa ya koma ɗan mitsitsi, kore shar mai duhu, irin na tsuntsun da cikinsa babu komai.

Ranar 16 Hajiya da kanta ta kira ni. Ta ce, "Likita, ka yi haƙuri, jiya da dare na ba shi gyaɗa. Ba zan iya kwana ina jin yana kukan yunwa ba."

Na ce, "Hajiya, kin yi daidai, a mayar masa da ita."

Aku ba kaza ba ne da za ta tsattsagi duk abin da aka watsa. Abin da bai ɗauka a matsayin abinci ba, zai iya mutuwa da yunwa yana tsaye a gefensa. Aka mayar da gyaɗa, aka ci gaba da ajiye kayan lambu a kwano na biyu, yana watsar da su. Zuwa ƙarshen wata ya koma 385. Ana zuba ruwan kalsiyam kullum ba fashi, faɗuwa ta tsaya, hankalin kowa ya kwanta.

## 11 ga Janairu: ciwon ya dawo

Bayan kwana 33 lafiya lau, ya sake faɗuwa da sassafe. Wannan karon ban ce a kawo shi ba, na hau babur na tafi gidan, kuma ranar ce na fara ganin inda yake zaune.

Sun bi maganata. Sun jawo kejin jikin taga, suna ɗage labule kowace safiya, rana tana sauka a kansa tarwai. Sai dai tagar a rufe take saboda ƙurar hunturu. Gilashi yana barin haske da ɗumi su wuce, amma yana tare ɓangaren hasken rana da fata ke buƙata ta haɗa bitamin D, wanda ake kira UVB. In babu bitamin D, hanji ba ya iya ɗaukar kalsiyam ɗin da aka ci yadda ya kamata, yawancinsa sai ya bi kashi ya fita. Jinin da na ɗiba ranar ya nuna 6.9.

Na roƙi a buɗe mini buhun gyaɗar. Ta sama fes take, amma da na zura hannu ƙasa na fasa kaɗan, sai ga wasu sun yamutse, da ɗan kore-kore a jikin ɓawon, suna warin rima. Wannan fumfuna ita ke haifar da gubar aflatoksin mai cin hanta, ƙurarta kuma tana shiga huhun tsuntsu, kuma irin wannan aku ba ya jure ta. Aka zubar da buhun. Daga ranar sai ɓararriyar gyaɗa sabuwa, 'yar kaɗan, a zaɓe ta da hannu a soya ba gishiri.

Na kuma lura cewa talabijin na falon ba a kashe ta sai sha biyun dare, alhali aku yana buƙatar barcin sa'a 10 zuwa 12 cikin duhu. Busasshiyar iskar hunturu da ta na'ura kuma sun sa fatarsa ta yi furu-furu, shi da aka halitta don laimar kurmi.

## 13 ga Janairu zuwa Maris: baranda da faranti

Barandar gabas take kallo. Aka kira mai walda ya kewaye ta da raga. Muka fara fitar da kejin ƙarfe 9 na safe, lokacin da sanyi ya ɗan saki, minti 15 a makon farko, sannan rabin sa'a, har muka kai sa'a guda. Rabin kejin a rufe da tabarma, don ya koma inuwa in ya ga dama, kuma kullum akwai mai zama da shi. Kwana biyun farko ya maƙale a kusurwa yana gurnani. A rana ta huɗu ya matso gefen rana ya buɗe fiffike ɗaya. Wani likitan tsuntsaye a Ingila, Michael Stanford, ya gwada wannan a kan irin wannan aku, ya nuna cewa hasken UVB yana ɗaga kalsiyam ɗin jininsu. Su can sai sun sayi fitila ta musamman, mu kuwa buɗe ƙofar baranda kawai muka yi. Kafin a fitar da shi ana fesa masa ruwa mai ɗumi da kwalbar fesawa, da ƙarfe 8 na dare kuma a kai kejin ɗakin Hajiya a kashe fitila.

Abincin ne ya ci lokaci. Da farko muka ƙirga abin da yake ci, ya kama ƙwayar gyaɗa 40 a rana. Muka raba yini biyu: sa'a biyu na farkon safiya, lokacin da ya fi jin yunwa, sabon abinci kaɗai ke cikin keji, daga nan a kawo wanda ya saba. Kowace safiya jikar Hajiya tana auna shi a sikelin kicin, da sharaɗin in ya ragu da giram 10 a dakata.

Dabarar da ta buɗe ƙofa daga ɗabi'arsa muka ɗauko ta. A kurmi ɗan aku yana koyon abin ci ne ta kallon manya. Irene Pepperberg, masaniyar nan ta Amurka da ta shafe shekara 30 tana aiki da wani aku mai suna Alex har ya mutu a 2007, da haka ta koya masa kalmomi sama da 100: mutum biyu su zauna a gabansa, ɗaya ya tambaya, ɗaya ya amsa ya karɓi lada, shi kuwa yana kallo har kishi ya kama shi. Sai na ce Hajiya ta riƙa karyawa a baranda gaban kejin, da faranti a cinyarta. Ta ci, ta miƙa wa jikarta, yarinyar ta karɓa tana santi, a yi kamar an manta da shi.

Kwana 5 yana kallonsu ta gefen ido. A rana ta shida ya sauko ya miƙo wuya. Abin da ya fara karɓa dafaffen dankalin Hausa ne da ɗigon manja a kai, kuma daga hannun Hajiya kaɗai. In ɗanta ya miƙa sai ya kai masa cizo. Bayan mako guda ya karɓi gwanda, sannan karas da kabewa da dafaffen wake. Waɗannan masu launin ja da ruwan ɗorawa su ne maganin ƙarancin bitamin A ɗin da na gani a hancinsa.

Zogale ya ƙi shi ƙememe, ga shi ina son ya ci, domin ɗanyen ganyensa yana da kalsiyam da ya ninka na gyaɗa sau biyu, fosfaras ɗinsa kuma kaɗan ne. Hajiya ce ta warware wannan. Ta yanka shi ƙanana ta turara da tsakin gero kamar dambu, ba gishiri, ba albasa, ba kayan ɗanɗano, ta barbaɗa ɗan riɗi. Ta ci loma biyu a gabansa, ya karɓi ta uku. A cikin wannan dambu muke ɓoye garin ɓawon ƙwai, wanda ake tafasawa minti 10, a shanya, a daka ya yi laushi, tsunkule ɗaya sau uku a mako. Ɗan Hajiya ya kuma yi odar abincin aku na kanti mai kama da ƙwaya, yana da tsada, kuma sai an jiƙa shi yake ci. Shi ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na cimarsa.

A tsakiyar Fabrairu yarinyar ta samo kwakwar manja wajen masu sayar da kayan miyar Kudu. Wannan kam ba a yi masa wasan kwaikwayo ba. Yana ganinta ya sauko da gudu, ya damƙe da ƙafa, ya zauna yana ɓare ta har fuskarsa ta yi ja. Rabonsa da ita tun Alhaji yana raye. Saboda yawan mai muka tsayar da ita a ƙwaya 2 a mako.

Gyaɗa ta sauko daga 40 zuwa 20, zuwa 10, zuwa 5 a farkon Maris, su ma sai in ya hau sikeli ko ya koma keji da kansa. Aka riƙa sa masa ɗanyen reshen gwaiba ya sami abin tauna.

Ga yadda nauyin ya tafi: 20 ga Janairu 381, 10 ga Fabrairu 398, 2 ga Maris 414. Ranar 19 ga Janairu ya yi 'yar makyarkyata amma bai faɗo ba, kuma ita ce ta ƙarshe. Jinin 2 ga Maris ya nuna 8.7, sai muka janye ruwan kalsiyam a hankali cikin mako biyu. A ƙarshen Fabrairu ne Hajiya ta ji tarin nan daga baranda, wanda rabonta da ji tun Oktoba.

## Afrilu zuwa Yuni

Sau ɗaya muka tsorata. A farkon Afrilu, zafi ya haura digiri 40, aka yi baƙi aka manta da shi a baranda har ƙarfe 11. An same shi baki buɗe yana haki, fukafukai a sake. Aka shigo da shi aka fesa masa ruwa, ya dawo daidai kafin azahar. Daga nan aka mayar da lokacin hantsi 7:30 zuwa 8:30.

A Mayu ɗan Hajiya ya tambaye ni ko a sayo masa abokin zama, wai ko zai daina tsigar gashi. Na hana. Sabon tsuntsu daga kasuwa yana iya shigowa da cutar da ke lalata baki da gashin aku, wadda ba ta da magani. Kuma akun da ake gani a kasuwanninmu galibi daga daji aka kamo shi, da yawa suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso. A Gana an ƙiyasta cewa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 nasu sun ɓace tun daga 1992. A taron yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sa shi a rukuni na ɗaya, wanda ya haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe daga Janairun 2017. Ya fasa.

Ranar 8 ga Yuni nauyinsa 440, jini 9.4, riƙonsa a yatsa har da zafi. Hancin ya buɗe. Gashin ƙirji ya fito a kusan rabin wurin, sauran yana nan sanƙo, kuma in Hajiya ta yi tafiya ta kwana yakan koma tsiga.

## Yadda nake kallon lamarin

Allurar 9 ga Disamba ta ceci ransa a wannan rana, amma ba ita ta warkar da shi ba. Ruwan kalsiyam shi kaɗai ma ya gaza, tunda ana ba shi kullum ya sake faɗuwa. Sai da rana ta taɓa jikinsa ba gilashi a tsakani, abinci kuma ya canja a hankali, sannan jinin ya hau ya zauna, har aka janye magani bai sauko ba.

Cikin abin da aka gwada a gida, maganin kajin ne ya fi ba ni haushi. Oksitetrasaikilin yana kama kalsiyam a cikin hanji ya hana jiki ɗaukarsa, wato an ƙara wa mai ƙishirwa gishiri, kuma an sayar da shi ne ba a ga tsuntsun ba. Kaskon gawayi da hayaƙin turare a rufaffen falo na iya kashe shi a dare ɗaya, domin numfashin tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar hayaƙi. Allah ne ya tsare.

Ni ma na yi kuskure biyu. Na cire gyaɗa lokaci ɗaya, abin da ya jawo masa asarar giram 34 yana cikin rauni. Sannan maganar hantsi, wadda ita ce rabin maganin, a bakin ƙofa na faɗe ta, ban ambaci gilashi ba, ban kuma je na ga falon ba sai bayan kwana 33. Da na je a makon farko, da faɗuwar Janairu ba ta faru ba.

Ban ga sakaci a wajen Hajiya ba. Ta shigar da shi ɗaki ne don tana son ta riƙa jin muryar mijinta kusa, ta cika masa kwano da gyaɗa don ita yake so. Tsohon gidan ne ke ba shi rana da gwanda da kwakwa ba tare da kowa ya san aikin da suke yi ba, da aka bar gidan aka baro su. Kuma babu wanda zai iya sa shi cin zogale in ba ita ba, ni ko kusa da kejin ba ya bari in zo ba tare da ya yi gurnani ba.

Aku irinsa yana iya kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mutane, wannan kuwa bai cika 17 ba, don haka na fara sa jikar tana miƙa masa abinci da hannunta, ya saba da mutum na biyu. Na ce a kawo shi gwajin jini a farkon Nuwamba kafin hunturu ya kankama. Kafin nan, kowace Juma'a da safe yarinyar tana turo mini lambar nauyinsa ta waya. Ta wannan makon 443 ce.